Laftof ɗin gem ta ɗauke ɗif ta ƙi tashi? Bi wutar daga bango zuwa ciki

Da la'asar ne, cikin watan Afrilu, irin ranar da zafin Katsina ke haura maki 40 har mutum ya ji iskar fanka tana ƙona masa fuska. Ina shago wajen Ƙofar Ƙaura ina jiran wani ya zo karɓar hotuna, sai ga kiran ƙanena. Daga jin muryarsa na san ba lafiya.

"Yaya, sistem ɗin nan fa ta mutu."

"Ta mutu kamar yaya?"

"Wallahi ƙwallo kawai nake bugawa, ana minti na saba'in sai ta ɗauke. Na danna, na danna, ko ƙyaf."

Gabana ya faɗi. A cikin kwamfutar nan akwai bidiyon bikin mutane na kwana uku, kamu da ɗaurin aure da buɗar kai, wanda na yi alkawarin bayarwa ranar Asabar. Sana'ata ke nan, haɗa bidiyon biki da na taro, shi ya sa ma na sayi irin ta masu gem, don ita ce ke iya ɗaukar nauyin aikin. A daren ta tashi ban kashe ko sisi ba. Bayan wata takwas ta sake yi mini, da dalili daban. Ta wani abokina na Daura kuma ta yi wanda sai da aka dangana da mai gyara. Daga waɗannan karo uku na samu jerin da nake bi yanzu, daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa mai ci, daga soket ɗin bango zuwa cikin cikinta.

Kafin komai, ɗauke yatsanka daga kan maɓallin. Dannawa sau hamsin ba ta tayar da ita, kuma in akwai abin da ya haɗe a ciki, duk jona caja da ka yi ƙara masa wuta kake. Zare caja. Kai hancinka wajen ramukan da iska ke fita ka shinshina. In ka ji warin ƙonannar waya, magana ta ƙare, kada ka sake jona ta. Taɓa madannai ka ji ko suna danƙo, don yaron da ya zubar da shayi ko zoɓo a kai ba zai faɗa maka da bakinsa ba. In ruwa ya shiga, kada ka kunna, kuma ka manta da zancen tsoma ta cikin shinkafa. Buɗe ta ake yi a cire batir a wanke da sifirit. Sannan ka ajiye ta kan tebur ka duba ko tana tangaɗi, ko wurin da ake goga yatsa ya ɗago sama, ko gefenta ya buɗe baki. Wannan batir ne ya kumbura, kuma kumburarren batir ba a matsa shi, ba a huda shi, ba a yi masa caji, domin yana iya kamawa da wuta. In ka ga ɗaya cikin ukun nan, tsallake duk abin da zan faɗa, ka wuce inda na yi maganar mai gyara.

Da na isa gida ranar, babu wari, babu danƙo, babu kumburi. Amma a kan katifa na same ta, katifar ma an shimfiɗa mata bargo. Na sa hannu ƙarƙashinta na janye da sauri, kamar na taɓa murfin tukunya.

Irin wannan kwamfuta tana da abubuwa biyu masu cin wuta sosai: furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, da girafik wanda ke zana hoton gem. In aiki ya yi nauyi su biyun sukan sha wat 150 ko fiye, kuma kusan duk wutar nan zafi take komawa, a cikin akwatin da kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba. Ta ƙasa take zuƙar iska, ta fitar ta baya da gefe. Furosesan Intel na laftof iyakarsa wajen maki 100 ne. In ya kusa nan sai ya rage gudu da kansa, ka ga gem yana sarƙewa, fanka tana ihu. In hakan bai isa ba sai ya yanke wuta baki ɗaya, babu sallama, don ya tsira da ransa. To ka haɗa wannan da ɗakin da shi kansa ya kai maki 38, sannan an toshe mata hanci da bargo. Saboda haka ka bar ta ta huce, rabin awa aƙalla, a kan tebur ko siminti, a gaban fanka in akwai wuta. Kada ka sa ta a firji. Na san wanda ya yi. Da ya fito da ita sai ta yi gumi ciki da waje, ruwan da babu shi da farko ya samu.

Tana hucewa kai kuma ka koma bango.

Abin kunya ne a ɗauki kwamfuta a kai wa mai gyara alhali estenshan ne ya lalace, amma kullum ana yi. Jona cajar waya a soket ɗin ka ga ko akwai wuta. Fitar da cajar laftof daga estenshan ka kai ta bango kai tsaye. Kan fulogi mai ƙafa uku irin namu yana da fiyus a ciki, kuma yakan ƙone shi kaɗai. Igiyar da ke tsakanin bango da jikin caja ana zare ta, sai ka musanya da wata mai baki iri ɗaya. Matsa ta sosai inda take shiga jikin cajar, don nan ne take yawan saki, musamman in cajar na lilo daga kan tebur. Bi igiyar da yatsa daga farko har ƙarshe, ka tsaya a wuyanta, inda take lanƙwasa wajen shiga kwamfuta. Ɓera ma yana son wurin.

In cajarka mai fitila ce, ga gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya. Zare ta daga bango da kwamfuta, bar ta minti biyu, domin caja in ta ji haɗari takan kulle kanta sai an raba ta da wuta. Mayar da ita bango ita kaɗai. Fitila ta kama? To kafa mata ido, ka soka bakin cajar a kwamfuta. In fitilar ta zauna daram, madalla, ci gaba. In ta mutu nan take ko ta shiga ƙyaftawa, cajar ce ke gudun ceton kanta daga wani abu da ya yi shot, wato hanyoyin wuta suka haɗe, a cikin kwamfutar. Kada ka ce bari in aro ta maƙwabci in gwada. In kuwa tun tana ita kaɗai fitilar ba ta kama ba, ka yi murna, don caja ce ta mutu, kuma ita ce mafi sauƙin asara.

Wanda ke da mitar auna wuta, ko ya san mai gyaran rediyo ko mai haɗa sola a unguwa, sai a auna. Juya cajar ka karanta takardar da ke bayanta. Za ka ga lamba mai harafin V, wato bolt, yawanci 19.5 ko 20, da wata mai harafin A. In ka ninka su biyun, ƙarfin cajar ke nan: 19.5 sau 9.23 ya ba da wat 180, 19.5 sau 11.8 ya ba da 230. Manya suna kai 280 har 330. A sa mita a ɓangaren DC, a kan 200, domin in aka sa a 20 cajar da ke ba da 20 da 'yar ɗoriya za ta wuce ma'aunin ka zaci ta lalace. Baƙin tsinke a jikin bakin cajar ta waje, jan tsinke a bangonsa na ciki. A nan sai an yi hattara da cajojin HP da Dell masu siririyar allura a tsakiya. Allurar nan ba ta ɗaukar wutar caji. Ta nan ne kwamfuta ke gane wace caja aka jona mata da ƙarfinta. In tsinken mita ya haɗa allurar da bangon ciki, ka kashe lafiyayyar caja da hannunka. Leƙa ka ga ko allurar ta lanƙwashe ko ta karye, don hakan kaɗai ya isa ya hana caji.

Mita ma tana da iyaka. Caja takan nuna 19.5 cif tana zaune, amma da an ɗora mata nauyi ta durƙushe. Abin da ya same ni a karo na biyu ke nan. Ana canza layi daga janareto zuwa wutar gari na ji wani ɗan ƙas, cajata ta asali ta tafi. Na shiga kasuwa da gaggawa na sayi wata wadda takardarta ta ce 230. Tun da na ɗaga ta na ji ba ta da nauyi, rabin tawa ma ba ta kai ba, amma mai shagon ya ce, "Alhaji, sabon samfuri ne, yanzu haka ake yin su." Kwana biyu ina rubutu da kallo lafiya lau. Ranar da na sa ta fitar da bidiyo mai tsawon awa biyu, sai kwamfutar ta riƙa cike giɓin daga batir ban sani ba, har batirin ya ƙare ƙaƙaf, ta ɗauke, ta kuma ƙi tashi. Araha ba ta ado. Da na samo caja ta gaske sai da na bar ta a jone kusan rabin awa kafin ta amsa maɓalli, saboda batirin da ya zube har ƙasa sai ya ɗan farfaɗo tukuna. Don haka in za ka aro caja don gwaji, ta zama ta kamfani ɗaya, bolt iri ɗaya, wat ɗinta daidai da naka ko sama. Shigar baki ba hujja ba ce: manyan bakunan HP da Dell suna shiga ramin juna, amma ba su jin yaren juna. Cajar wat 65 ta kwamfutar ofis kuwa wasu na gem ko kallonta ba sa yi. Wasu suna karɓar caji ta ramin USB-C har wat 100, wanda ya isa ya tashe ta don gwaji. Duba gefen ramin ko littafinta, don ba kowane ramin USB-C ne ke shigar da wuta ba.

Yanzu ga abin da ya tashi tawa a daren farko, kuma shi nake fara faɗa wa duk wanda ya kira ni.

A cikin kowace laftof akwai wani ɗan ƙaramin guntu da ba ya barci ko kwamfutar na kashe. Masu gyara na ce masa EC. Shi ne maigadin gidan: shi ke jin an danna maɓallin kunnawa, shi ke kula da caji, da fanka, da madannai. In wuta ta yanke bagatatan yakan yi suman tsaye. Kana ta ƙwanƙwasa ƙofa, mutanen gida lafiyarsu ƙalau, mai buɗewa ne ba ya ji. Kuma tunda batirin a ciki yake a ɗaure, wuta ba ta yanke masa balle ya farka daga farko. Maganinsa shi ne ka zare caja, ka zare duk abin da ke jikinta, linzami, filash, igiyar talabijin, abin buga gem, katin kyamara, har abin kunne. Sai ka danne maɓallin kunnawa ka riƙe. HP na cewa daƙiƙa 15, ASUS na cewa 40. Ni nakan cika minti guda ina kallon agogon waya, domin in mutum na ƙirgawa da ka cikin tashin hankali, daƙiƙa ashirin yake kira sittin. Ko ka ga wata fitila ta ƙyafta a tsakiya kada ka saki. Bayan nan jona caja ita kaɗai, jira kamar minti biyar, ka danna sau ɗaya kamar kullum.

Da yawa daga na Acer da MSI suna da wani ɗan rami a ƙasa, kamar na allura, da hoton batir a gefensa. Caja a zare, sai a soka tsinken cire layin waya a danne na 'yan daƙiƙu. Aikinsa raba batir da kwamfuta na ɗan lokaci. Ka tabbata ramin ne, kada ka je kana soka tsinke a ramin iska.

Bayan Magariba na yi wannan, ƙanena na tsaye a bakin ƙofa ya kasa shigowa ya kasa tafiya. Na jona caja, 'yar fitilar gefe ta kawo ruwan lemo. Na danna. Daƙiƙa uku shiru, sai madannai suka yi ja, fanka ta yi fuu, tambarin kamfani ya bayyana. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Yaya, to in ƙarasa wasan?" Ban ba shi amsa ba.

In taka ba ta tashi ba, zauna ka saurare ta, domin mutuwar iri biyu ce kuma mutane na haɗa su. Akwai wadda babu komai: babu fitila, babu motsin fanka, babu ɗumi. Akwai kuma wadda ta kunnu amma sikirin ya yi baƙi. Kashe fitilar ɗaki, danna maɓalli, kara kunnenka. Danna Caps Lock ka ga ko 'yar fitilarsa na kamawa tana mutuwa. In tana yi, kwamfutar a raye take, hoto ne babu. Haska tocilan ɗin waya a jikin sikirin daga gefe, kusa sosai. In ka hango inuwar rubutu dishi-dishi, hasken bayan gilashin ne ya mutu. Jona ta da talabijin ta HDMI ka gani. In Windows ya riga ya hau, danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare, wannan na sake tayar da direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa hoton. A yawancin na Dell, in ka riƙe harafin D ka kunna, sikirin zai riƙa sauya launuka shi kaɗai, alamar gilashin lafiya yake. In kuma wata fitila na ƙyaftawa da tsari, kamar sau uku ta tsaya sannan sau biyu, ƙirga ka rubuta. HP da Dell da wannan ƙyaftawar suke faɗin inda ke musu ciwo, kuma fassarar tana shafin kamfanin ƙarƙashin lambar samfurinka.

Tambayi kanka kuma: kafin ta ɗauke, tana cikin sabunta wani abu ne? In wuta ta yanke ana tsakiyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ya hau, takan kunnu fanka na juyi amma babu hoto. A HP ana riƙe Windows da B, a danna maɓallin kunnawa daƙiƙa biyu zuwa uku a sake shi, a ci gaba da riƙe sauran biyun. A Dell ana riƙe Ctrl da Esc sannan a soka caja. In ta fara gyaran kanta, ka bar ta ko da za ta mutu ta tashi sau uku.

Daga nan sai buɗewa, kuma ba dole ba ne. In sabuwa ce da sauran garanti, mayar wa wanda ya sayar maka. In hannunka na rawa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma yawancinmu ta hannu muke saya, wadda ta gama aiki a Turai ko Amurka, garantinta ya ƙare tun kafin ta hau jirgi, kuma cire murfin ƙasa bai fi ƙarfin mai natsuwa ba.

Nemi ƙaramar sukurdireba mai bakin kuros wadda ta zauna daidai, don babba cinye kan noti take yi. Notunan tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda abin da ke sama. Ni kiret ɗin ƙwai nake ajiyewa a gefe, kowane noti a gurbin da ya yi daidai da inda na ciro shi. Wasu notunan ba sa fita gaba ɗaya, a jikin murfin suke zama. Bi gefe da tsohon katin banki a hankali har maƙalan su saki. Wuƙa da cokali ba su da aiki a nan. In lokacin hunturu ne, lokacin da in ka tuɓe rigar sanyi kake jin tartsatsi, taɓa ƙofar ƙarfe ko famfo kafin ka taɓa komai a ciki, kuma kada ka yi aikin a kan kafet. Wannan tartsatsin da kai ba ka ɗauke shi komai ba yana kashe ƙananan kayan ciki. Da ka ɗaga murfi, ɗauki hoto.

Fara da batir, kullum. Bi igiyarsa zuwa inda ta shiga bod, wato babban allon da komai ke haɗe a kansa, ka tura kan robar da farce daga gefe biyu, kada ka ja wayoyin. Danne maɓallin kunnawa rabin minti. Kifa murfin, jona caja, kunna. In ta tashi babu batir, ka kama ɓarawon. Za ka iya aiki da ita a caja kafin ka samu wani, sai dai ka sani da an ɗauke wuta ita ma ta tafi. In tana kunnuwa babu hoto, zare caja ka koma kan ram, wato ɗan allon da ke riƙe bayanai na wucin gadi. Ƙarafa biyu ne ke riƙe da shi a gefe. Buɗa su zai ɗago da kansa a karkace. Zare, goge haƙoran zinaren da busasshen ƙyalle mai tsabta, mayar har ka ji ƙas. In guda biyu ne, gwada ɗaya shi kaɗai, sannan ɗayan, sannan ka canza musu gurbi. Akwai kuma ɗan batir mai kamar kwabo, na bolt 3, sau da yawa a naɗe cikin baƙar roba da siraran wayoyi biyu, ko da yake wasu sababbin ba su da shi. Cire shi minti biyar ka mayar, saitin BIOS zai koma na asali. Bayan wannan ka yi haƙuri da ita: takan yi minti ɗaya ko biyu a baƙi, musamman mai ram DDR5, ta mutu ta tashi da kanta. Mutane da yawa a nan suke katse ta su ce ba ta yi ba.

In duk wannan bai yi ba, ko fitilar caja na mutuwa in an jona, aikinka ya ƙare. Saura abu ɗaya kafin ka rufe: ciro ma'ajiyarka. SSD ɗin wani siriri ne kamar rabin rula, noti ɗaya ke riƙe da shi. Aikinka da hotunan iyalinka duk suna nan, kuma mutuwar bod ba ta cika taɓa su ba. Ana sayar da ɗan gidan da ake sa shi a jona da wata kwamfuta ta USB. In ya nemi mabuɗin BitLocker, lamba ce mai alƙaluma 48, kuma yawanci tana cikin asusunka na Microsoft. Windows 11 kan kulle ma'ajiya da kansa a kwamfutoci da yawa ba tare da mai ita ya lura ba. Mai gyara ba ya buƙatar ma'ajiyarka don ya gano dalilin da ya hana wuta shiga. Ɗauki hoton ram ɗinka da lambar da ke bayan kwamfutar, a gabansa ma in ta kama, babu rashin kunya a ciki.

Ta abokina na Daura irin mai kashe fitilar caja ce. Wanda ya fara kai wa ko mita bai ɗauka ba, ya juya ta sau biyu ya ce bod ya ƙone sai dai a sayi wani, kuɗin da ya faɗa kuwa ya kusa rabin kuɗin kwamfutar. Ya sako ta a jaka ya shigo mota ya zo Katsina, muka je wajen wani dattijo da ya fara da gyaran rediyo da talabijin. Shi bai ce komai ba. Ya jona ta da injinsa mai nuna yawan wutar da ake ja, ya bi babban layin da ke ɗauke da bolt 19 da mita, ya rage wutar ƙasa sosai ya tura a layin, ya ɗiga sifirit a kan bod yana kallo ta gilashi. A wuri ɗaya sifirit ɗin ya bushe nan take. Wani kafasito ne, ɗan abin da ke tara wuta, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ɗauke shi da hantsaki ya ɗora a tafin hannun abokina ya ce, "Ɗana, ga bod ɗin naka da ya ƙone." Ya sa wani, ta tashi.

Ba kullum ake dacewa haka ba. Wani lokaci MOSFET ne, wato 'yan ƙofofin da ke buɗe wa wuta hanya, kuma in wanda ke ciyar da furosesa ko girafik ne ya fashe yakan tafi da su, sai dai haƙuri. Amma mai gyaran kirki da awo yake farawa, zai kuma iya gaya maka ko layukan bolt 3.3 da 5 suna nan. Wanda ka ga ya fara jawo bulowar zafi zai gasa girafik bai auna komai ba, karɓi kayanka ka yi masa sai an jima. Gashin yakan tayar da ita sati biyu, ta koma ta mutu mutuwar da ba ta da gyara. In kayan da za a sa babu a gari, akan samo a Kano wajen titin Beirut, ko a aiko daga Computer Village ta Ikeja a Legas.

Wadda ta tashi kuma kada a ce shi ke nan. Fara kwashe aikinka zuwa wani wuri, a daren. Sannan ka nemi dalili. Windows zai rubuta Kernel-Power 41 a kundinsa, amma wannan cewa kawai yake ta mutu ba shiri, abin da ka riga ka sani. Sa manhajar HWiNFO ka buɗe gem kana kallon zafi. In cikin minti biyar furosesa ya manne a 95 zuwa 100 ya ƙi sauka, hanyar iska a toshe take ko man da ke tsakanin furosesa da tagullar da ke janye zafinsa ya bushe. Canza man nan aikin mai gyara ne in ba ka saba ba, balle a wasu ROG na ASUS da ake sa musu narkakken ƙarfe a maimakon man, wanda in ya ɗiga a bod shot zai yi.

Washegarin ranar da ta fara ɗaukewa na buɗe tawa. Ta waje fankokin tsaf suke. Sai da na kwance ɗaya na ɗaga, na ga abin da ke tsakaninta da haƙoran tagullar da iska ke bi ta fita: wani dunƙulen ƙura da zare, ja-ja launin ƙasar hunturu, ya saƙu kamar lagwanin fitila, tsawon yatsana. Da hantsaki na jawo shi ya fito ɗungurungum bai tsinke ba. Ɗaya gefen ma haka. Na bi da tsohon burushin haƙori, na hura da 'yar robar hura iska ta kyamara, yatsana a kan fankar don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Yanzu sau biyu nake yi a shekara, ƙarshen Fabrairu in hazo ya janye kafin zafi ya kankama, da kuma bayan damina. Caja kuwa ba na barin ta a bango in za a canza layi, sai wuta ta zauna.

Lagwanin nan na sa shi a leda na kai wa ƙanena. Har yanzu yana buga ƙwallonsa in na gama aiki, amma a kan tebur, da murafun kwalba huɗu a ƙarƙashinta, biyu-biyu a baya.